Uzairu da Birkin Silifa

A wani ƙaramin ƙauye da ke tsakanin Watari da Bici, akwai wani yaro mai suna Uzairu. Shekararsa goma sha uku. In dai maganar tuƙa keke ake yi, duk yaran ƙauyen sun sallama masa. Shi ma ya san haka, kuma ba ya ɓoyewa.

Yakan saki hannu biyu yana tafiya. Yakan miƙe a kan feda ya leƙa saman gero. Yakan ɗauko buhun albasa daga fadama, ya ɗora ƙanwarsa Ramlat a kan buhun, ya kawo su gida ba wanda ya faɗi.

Kekunan yaran ƙauyen kuwa halinsu ɗaya. Babu mai birki, babu kuma wanda abin ya dama. Hanyoyinsu 'yan sirara ne, sun ratsa tsakanin gonaki, gefe da gefe duk rairayi. In yaro yana son tsayawa, sai ya ɗora silifa a kan tayar gaba ya danna. In gudun ya yi yawa, sai ya karkata kan keke ya faɗa cikin rairayi. Rairayi ya riƙe taya, keke ya tsaya cak. Abin da za a yi karo da shi ma bai wuce jaki ko akuya ba. Shi ya sa silifan ƙafar dama a ƙauyen nan ya fi na hagu saurin cinyewa, iyaye mata suna ta mita.

Da Uzairu ya gama firamare, sai ya samu ƙaramar sakandare a cikin garin Bici. Wata rana da yamma mahaifinsa, Malam Muntaka, ya kira shi.

"Na yi magana da Kawunka Gana," in ji Baba. "A gidansa za ka zauna a Bici. Sai an yi hutu ka riƙa zuwa gida."

Kawu Gana mutumin kirki ne, amma Uzairu bai taɓa kwana nesa da gida ba. Yana son tuwon Inna. Yana son surutun Ramlat. Yana son bin Baba fadama ranar Asabar. Ba ya son barin ko ɗaya.

Ya ce, "Baba, in ka ba ni tsohon kekenka, zan riƙa zuwa ina dawowa kullum. Ai babu nisa."

"Ba nisan nake ji ba," in ji Baba. "Titin nake ji. Babbar hanya ce ta ratsa garin. Ga tirela, ga tifa, ga 'yan acaɓa."

"Baba, duk ƙauyen nan wa ya fi ni iya keke?"

Baba ya yi murmushi. "A ƙauyen nan, babu."

Uzairu ya yi ta roƙo, har Inna ta sa baki. Daga ƙarshe Baba ya yarda. Ya kai keken wurin mai gyara, aka sa masa sababbin robobin birki gaba da baya, aka ɗaura ƙararrawa. Sannan ya miƙa wa Uzairu.

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji shi. "Birkin nan ya zauna a jikin keken nan. Ranar da na ga babu shi, ranar za ka fara kwana a gidan Kawunka. Ka ji?"

"Na ji, Baba. Na yi alkawari."

Ranar farko da Uzairu ya shiga Bici a kan keke, tsoro ya kama shi. Motoci na danna hon ta ko'ina. Adaidaita sahu na tsayawa duk inda ta ga fasinja. Tirela ta wuce ta gefensa, iskarta ta kusa ture shi. Ya riƙe birki gam har ya isa makaranta.

Amma tsoron bai daɗe ba. Kafin a je ko'ina Uzairu ya saba. Ya fara kutsawa tsakanin motoci kamar yadda yake kutsawa tsakanin kunyoyin dawa. Ya fara ganin mutanen gari ma ba su fi shi komai ba.

Akwai malaminsu na lissafi, Malam Abdulmumini, shi ma a keke yake zuwa. Duk sanda ya iso mahaɗar da ke kusa da tasha, sai ya sauka, ya tura kekensa ya tsallake. Uzairu yakan wuce shi yana dariya a ransa. Babban mutum da gemunsa, amma yana tura keke kamar ɗan koyo.

Abu ɗaya ne ya hana Uzairu sakewa, shi ne birkin. Tayar gaban ta ɗan karkace saboda tsufa. Duk juyin da ta yi sai ta goge roba, ta yi ƙara, ƙii, ƙii. A kan kwalta da sauƙi. Amma in ya shigo hanyar ƙauye, sai keken ya yi nauyi.

Yaran ƙauye suka samu abin yi. Da sun jiyo ƙarar sai su fara tsokana.

"Ga Alhaji nan tafe da keken tsofaffi."

Wata Asabar abokinsa Jamil ya ce su yi tsere zuwa fadama. Jamil da bai taɓa ganin ko ƙurar Uzairu ba, ranar shi ya riga isa. Ya zauna a kan kunya yana jiransa, yana fifita da hula.

"Sannu da zuwa," in ji Jamil. "Har na fara gyangyaɗi."

Abin ya ci wa Uzairu rai. Da yamma, da Baba ya tafi masallaci, sai ya ɗauko sifana. Ya kwance robobin birki, na gaba da na baya. Ya zuba su a gwangwani, ya tura ƙarƙashin rumbu. Hannayen birkin suna nan a jikin keke. Duk wanda ya hango daga nesa zai ɗauka komai lafiya.

Ya hau ya gwada. Keken ya tafi sumul, babu ƙara. Uzairu ya ce a ransa, "Ni da na iya birkin silifa tun ina ƙarami, me zan yi da roba?"

Ranar da za a koma makaranta, Baba ya tambaye shi a ƙofar gida.

"Birki lafiya?"

Uzairu ya matsa hannayen birkin yadda Baba zai gani. "Lafiya lau, Baba."

Ƙarya ce, kuma ya ji ɗacinta a bakinsa. Amma yana hawa keke iska ta bugi fuskarsa, sai ya manta.

Ga dabarar da ya yi. Dokar makaranta ce kowa ya sa sandal. Sai Uzairu ya riƙa jefa sandal a jaka, ya tuƙa da silifa, in ya isa ƙofar makaranta ya canza. Dabarar ta yi masa aiki na ɗan lokaci, har kansa ya ƙara kumbura. Abin da bai lura da shi ba shi ne, tsayawa a cikin gari ba ta da iyaka. A ƙauye sau ɗaya ko biyu yake danna taya. A Bici kuwa duk 'yar tafiya sai ya danna. Silifan ya fara cinyewa.

Wata safiya aka tashi da ruwan sama. Bai ɗauke ba sai da rana ta fito. Uzairu ya makara. Ya zura ƙafa a silifa da sauri, sai ya ji tafinsa a ƙasa. Silifan dama ya huje, igiyarsa ma ta tsinke.

Inna tana tsugune tana hura wuta, ta ɗago ta duba.

"Yaron nan, ba kwanan nan aka sayo maka silifan nan ba? Me ya cinye shi haka?"

"Ƙaya ce, Inna."

"Ƙayar ƙafar dama kaɗai take sani?"

Uzairu ya ɗaura sandal ɗinsa, ya ja keke ya fita. Sandal ɗin ƙasansa tauri ne da santsi, amma bai tsaya tunanin wannan ba. Tunaninsa kada a rufe ƙofar makaranta.

Ranar kasuwa ce. Tun daga bakin gari hanya ta cika. Masu baro, masu tumaki, motocin ƙauye da kaya har sama. Kwalta ta jiƙe tana sheƙi. Uzairu ya sunkuya ya yi ta taka feda. Ya wuce wata tifa mai ɗauke da yashi, ya shiga gabanta. Daga nan hanya ta ɗan gangara zuwa tasha, keken ya ƙara gudu da kansa.

A gabansa akwai wata adaidaita sahu. Wata mata ta ɗaga hannu daga bakin titi. Nan take mai adaidaita ya tsaya.

Uzairu ya ɗora ƙafa a kan taya ya danna. Sandal ya zame. Ya sake dannawa, ya sake zamewa, don taya ta jiƙe. Hannayensa suka matse birki da kansu. Babu abin da ya kama.

Sai ya yi abin da ya saba yi tun yana ƙarami. Ya karkata kan keke zuwa gefen hanya don ya faɗa rairayi. Amma a nan babu rairayi. Lambatun siminti ne, kuma a bakinsa ga wata 'yar yarinya da ɗan hijabinta, riƙe da hannun ƙaninta. Tsayinta ɗaya da Ramlat. Ta zaro ido tana kallonsa, ta kasa motsi.

Uzairu ya fizgo kan keken da dukkan ƙarfinsa. Ya kauce wa yarinyar, ya daki bayan adaidaita. Ya ji shi a sama, sannan ya ji shi a kan kwalta. Keken ya sulale zuwa tsakiyar titi.

Bayansa tifa ta taka birki da wata irin ƙara. Mutane suka ɗauki salati. Ƙatuwar tayarta ta hau tayar gaban keken, ta murƙushe ta, sannan ta tsaya. Uzairu yana kwance dab da ita, har yana jin zafin injin a fuskarsa.

Aka janye shi zuwa gefe. Gwiwarsa da gwiwar hannunsa sun ƙuje, jini na zuba. Wuyan hannunsa na dama ya fara kumbura. Direban tifa ya sauko.

"Yaro, kashe kanka za ka yi, ka jawo mini?"

Idon Uzairu na kan yarinyar nan. Wata dattijuwa ta rungume ta, yarinyar tana kuka, amma ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Sai ga Malam Abdulmumini ya ratso taron, yana ture da kekensa.

"Ɗalibina ne," in ji shi. "Ku ba shi iska."

Shi ya ba direbobin haƙuri. Shi ya sa aka ajiye keken a shagon wani mai gyara da ke kusa. Shi ya kai Uzairu asibiti, ya kuma buga wa Baba waya. Aka wanke ciwon, aka ɗaure hannun. Likita ya ce targaɗe ne, ƙashi bai karye ba.

Baba ya iso a kan acaɓa, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Ya duba kan Uzairu, ya duba hannun, ya shafa bayansa. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sake cewa.

Da suka fito, suka biya shagon mai gyara. Baba ya tsuguna a gaban keken. Ya matsa hannun birki. Ya leƙa gaba, ya leƙa baya. Ya daɗe a tsugune.

"Ina robobin?"

Uzairu ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce faɗuwa suka yi a wurin hatsarin. Amma ya gaji da ƙarya.

"Suna ƙarƙashin rumbu, Baba. Ni na cire su."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kullum ina tambayarka, kana ce mini lafiya lau."

Hawaye suka zubo wa Uzairu. Ya jira faɗa, ya jira bulala. Baba bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ka san sharaɗinmu," in ji shi. "Mu je gidan Kawunka. Gobe zan kawo maka kayanka."

Gidan Kawu Gana gida ne mai daɗi. Akwai lantarki, akwai famfo a tsakar gida. Matar Kawu tana zuba masa abinci har ya ture. Amma Uzairu kewar gida yake yi. In an kira magariba, sai ya tuna yanzu Inna tana kwashe tuwo, Ramlat tana kora kaji akurki. Ba wanda ya kore shi daga gida. Shi ya kori kansa, kuma wannan ya fi hannun yi masa ciwo.

Yanzu a ƙasa yake zuwa makaranta. Wata safiya Malam Abdulmumini ya tarar da shi a mahaɗar tasha. Ya sauka daga keke suka jera.

"Ya hannu?"

"Da sauƙi, Malam." Sai Uzairu ya ƙara da cewa, "Malam, wallahi na iya keke. Santsi ne kawai ya ja mini."

"Na san ka iya," in ji Malam. "Ina ganinka kana wuce ni kamar iska. Amma bari in tambaye ka. Direban tifar nan, da shi ma da silifa yake tsayawa, da yanzu kana ina?"

Uzairu bai taɓa kallon abin ta nan ba.

"A hanyar gona, kai kaɗai ne da jakuna," in ji Malam. "A nan kuwa kowa ransa yana hannun ɗan'uwansa. Kai ka dogara da birkin direba. 'Yar yarinyar nan ta dogara da naka."

Suka tsaya a bakin titi. Malam ya nuna masa wata adaidaita da ke tahowa.

"Kalli waccan. Me za ta yi?"

"Ban sani ba, Malam."

"Kada ka kalli adaidaitar. Kalli bakin titi."

Uzairu ya duba. Wani tsoho da kwando ya fara ɗaga hannu.

"Za ta tsaya."

Kafin ya rufe baki ta tsaya. Uzairu ya yi dariya, karon farko tun ranar hatsarin.

Daga ranar, kusan kullum tare suke ƙarasawa makaranta. Uzairu ya ga abubuwan da bai taɓa gani ba lokacin da yake gudu. Ya ga yadda ake buɗe ƙofar mota ba a duba baya ba. Ya ga yadda bayan tirela yake shigowa gefe in za ta sha kwana, direban kuma ba ya ganin wanda ke kusa da tayarsa. Wata rana ya tambayi Malam dalilin da ya sa yake sauka a mahaɗa.

"Hanyoyi sun yi yawa a wurin, idona kuma biyu ne," in ji Malam. "Ina da 'ya'ya a gida suna jirana."

Uzairu ya ji kunyar dariyar da ya riƙa yi masa.

Ranar Juma'a Baba ya shigo gari, ya biyo gidan Kawu. Ya kawo wa Uzairu dafaffiyar gyaɗa a ƙulle, ya ce Ramlat ce ta ba da. Uzairu ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Na karya alkawari, na kuma yi maka ƙarya."

"Na yafe maka tun a asibiti."

"To zan koma gida?"

"Yafiya daban, yarda daban," in ji Baba. "Yafiya kyauta ce. Yarda kuwa sai ka nemo ta."

Uzairu ya haɗiye hawayensa. "To ina roƙon abu ɗaya. In hannuna ya warke, ka bar ni in gyara keken tare da mai gyara. Robobin suna cikin gwangwani."

Baba ya dube shi, ya gyaɗa kai.

Da hannun ya warke, Uzairu ya riƙa zuwa shagon bayan an tashi daga makaranta. Baba ya kawo robobin, ya kuma samo wata tayar. Uzairu ne ya riƙe sifana, mai gyara yana nuna masa. Da suka gama, ya ɗaga gaban keken ya juya taya. Ta yi ta juyawa shiru. Ya matsa birki, ta tsaya nan take.

"Ba ta ƙara," in ji Uzairu da mamaki.

"Me zai sa ta yi ƙara?" in ji mai gyara. "Waccan ce ta karkace. Da ka kawo ta tun farko, ai aikin ɗan lokaci ne in miƙe ta."

Uzairu ya dubi tayar. Ashe da ya buɗe baki ya faɗa wa Baba, da duk wannan bai faru ba.

Ranar kasuwa ta zagayo. Da aka tashi daga makaranta, Uzairu ya tarar da Baba a bakin ƙofa, riƙe da keken.

"Karɓi," in ji Baba. "Ƙafata ta gaji. Ɗauke ni."

"Kai, Baba? A baya?"

"Ko ba za ka iya ba?"

"Zan iya."

Kafin ya hau, Uzairu ya matsa birkin gaba ya tura keken. Ya matsa na baya ya tura. Ya latsa tayoyi ya ji iska. Baba yana tsaye yana kallo. Sannan ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kariyar bayan keken.

Uzairu ya hau titi. Kasuwa ta cika ta batse, hayaniya ta ko'ina. Amma zuciyarsa a kwance take. Ya kama gefen damansa. Yatsunsa na kan birki. Wata adaidaita ta shiga gabansa, sai ya ja baya ya bar fili tsakaninsu. Ya hango wani mutum yana ɗaga hannu a bakin titi, ya fara rage gudu tun kafin ta tsaya. Ya waiwaya, ya miƙa hannu, ya zagaye ta a hankali.

Wani ɗan acaɓa ya matso bayansu yana ta danna hon. Da ya samu hanya, ya jero da su yana dariya.

"Kai yaro, wannan tafiya haka? Ƙwai ka ɗauko ne?"

A da, da wannan maganar ta isa ta sa Uzairu ya tashi a kan feda. Yanzu ko kallonsa bai yi ba.

"A'a," in ji shi. "Babana na ɗauko."

Ɗan acaɓa ya dubi dattijon da ke baya, ya ɗaga hannu. "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya wuce.

Da suka iso mahaɗar tasha, Uzairu ya tsaya.

"Baba, a nan sauka za mu yi mu tura."

Baba ya sauka ba musu. Suka jira wata tirela ta gama shan kwana, suka tsallake, suka sake hawa.

Gaba kaɗan akwai lungun da ke zuwa gidan Kawu Gana. Uzairu ya rage gudu. Ya miƙa hannu zai shiga. Sai ya ji Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Ina za ka?"

"Gidan Kawu."

"Miƙe. Na riga na aika da kayanka a motar ƙauye."

Uzairu ya ja birki, ya sa ƙafa a ƙasa, ya waiwayo. Baba yana murmushi.

"Da gaske, Baba?"

"Ka taɓa jin na yi maka wasa da irin wannan? Mun yi sallama da Kawunka tun da safe, ranar Juma'a ka je ka yi masa godiya. Da ka yi mini ganganci yau, da gobe kayan sun dawo. Mu je, kada la'asar ta same mu a hanya."

Suka bar kwalta suka hau hanyar ƙauye. Dawa ta yi kai, ta sunkuyo gefe da gefe. Mutane a gonaki suna ɗago hannu, Baba yana amsawa daga baya. Farin ciki ya cika Uzairu har ya rasa inda zai sa kansa, amma bai ƙara gudu ba.

Ramlat ce ta fara hango su. Ta yar da tsintsiya ta sheƙo da gudu, tana kiran "Yaya, Yaya." Ta tsaya a tsakiyar hanya ta buɗe hannuwa. Uzairu ya matsa birki, keken ya tsaya a gabanta a hankali.

Inna tana bakin murhu. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan hannun.

"An dawo?" in ji ta.

"Na dawo, Inna."

Ta juya ta ƙara gari a tukunya, tana share ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne.

Tun daga ranar Uzairu yake zuwa makaranta a keke, yana dawowa gida lafiya. Har yanzu shi ne gwanin keke a ƙauyensu. Amma ya gane cewa dabarar da ta yi aiki a hanyar gona ba lallai ta yi a titin gari ba. Ya gane cewa gwani shi ne wanda ya iya tsayawa, ba wanda ya iya gudu kaɗai ba. Ku ma yara, ku duba birkinku kafin ku hau titi. In wani abu ya lalace, ku faɗa wa iyayenku gaskiya. In kuma kun yi alkawari, ku cika shi ko da ba wanda yake ganinku.